Gemu a Ƙarƙashin Niƙabi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da zafin tiyata, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na je canza suna a fasfo ba. Ranar ce na tabbatar mutum yana iya haddace izu talatin, ya kuma rasa hankalin da zai kai shi Jidda ya dawo da mutuncinsa.

Bari in fara daga inda za ku gane. A Makka aka haife ni, a unguwar Tandabawi, kuma shekara goma sha bakwai na yi a matsayin 'ya mace. Sunan mata aka raɗa mini, aka huda mini kunne, na koyi kitso (har gobe na fi wasu matan iya shuku, ba yabon kai ba). Sai da sa'o'ina duk suka fara al'ada ni shiru, murya kuma ta soma buɗewa kamar ta ladan, sannan Goggo Hanne ta ja ni asibiti. Goggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar iyayena. Aka yi gwaje-gwaje, likitoci suka ce mata-maza aka haife ni, kuma ɓangaren maza ne ya rinjaya. Goggo ta yi kuka, ni kuwa a raina daɗi na ji, don na daɗe ina jin kamar kayan aro ne a jikina. Malamai suka ce addini ya san da irina tun da can. Aka yi aiki, alƙali ya ba da takarda, na zaɓi sabon suna (ku yi haƙuri ba zan faɗe shi ba, Hausawan Makka ba sa wahalar gane mutum). Lokacin ana ta rushe-rushen faɗaɗa Harami, sai muka fake da hakan muka koma unguwar Mansur, Goggo ta ci gaba da tuyar masarta.

Komai ya canza ban da takardu. A fasfona har lokacin wata yarinya ce cikin hijabi take murmushi, haka ma a iƙama, wato katin izinin zama. Fasfon saura 'yan makonni ya mutu, in kuwa ya mutu ba za a sabunta mini iƙama ba. Daga nan sai tarhil, a sa ni a jirgi a sauke ni a ƙasar da ban san ta ba sai a bakin Goggo. Wannan tsoron ya hana ni cin abinci sosai, ni da nake tashi da masa goma a zama ɗaya.

Maƙwabcinmu Malam Sani, wani ɗalibin ilimi ɗan Kano, shi ya tsaya mini. Ya haɗa takardar asibiti da ta alƙali ya kai ofishin fasfo na ƙasarmu da ke Jidda, ya dawo da ranar da zan je a ɗauki hoto da zanen yatsu. Shawararsa ɗaya ce: in sa farar jallabiyata, in riƙe kwafin takardun, in tafi a yadda Allah ya yi ni.

To a nan wayona ya motsa. Na tuna akwai shingen askarawa, wato jami'an tsaron Saudiyya, a kan hanyar Jidda. Na hango kaina an tsayar da mota, askar ya karɓi iƙama, ya kalli yarinya mai hijabi, ya ɗago ya kalli ɗan gemuna (gashi ne da bai fi a ƙirga ba, amma kullum sai na shafa masa man zaitun). Kafin in buɗe baki, na ce a raina, an ce katin sata ne an wuce da ni. Mace mai niƙabi kuwa ba kasafai ake takura mata ba. Saboda haka na yanke shawarar in ɗora tsohuwar abayata a kan jallabiya, in sa niƙabi da safar hannu, in mun wuce shinge in tuɓe abina. Har yaba wa kaina na yi.

Da safe Goggo ta gan ni na fito baƙi wuluk, ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ɗan nan, shekara nawa ka yi kana roƙon Allah ya raba ka da wannan ƙyallen, yau kuma da hannunka?"

Na ce mata ba ta san halin askarawa ba ne. Ita fa da ta shekara talatin tana tsere da su da tanda a ka. Ta ɗauki jakarta ta ce mu je, amma in sani ba ruwanta.

Muka shiga motar haya, mu shida. Ina ta zufa, ina karanta duk addu'ar da na iya. Da muka iso shingen, askar ɗin ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, hannu kawai ya kaɗa muka wuce. Goggo ta juyo ta dube ni ta cikin niƙabinta, kuma ko ban ga bakinta ba na san dariya take yi.

Saura tuɓewa, kuma sai a lokacin na lura ban tanadi inda zan tuɓe ba. A cikin mota ga mutane. Direba ya sauke mu daidai bakin ƙofar ofis, ga jama'a. Mai gadi ya kalle mu ya nuna dama ya ce mata ta nan, ni kuma ba halin in yi masa bayani da wannan muryar. Na yi tunanin banɗaki. In na shiga na mata, ƙato zai fito. In na nufi na maza da abaya, tun kafin in kai ƙofa an tara mini mutane. Haka na bi Goggo sumui-sumui har cikin rumfar mata.

Rumfar an kewaye ta da labule, ga fankoki, ga mata sun fi arba'in. Da yake ba namiji a wurin (a saninsu), kowa ta saki jiki. An ɗage niƙabai, wasu sun sassauta abaya, wata tana shayar da jariri. Shekara goma sha bakwai na zauna cikin mata ban taɓa jin komai ba, amma ranar ji na yi kamar ɓarawon takalma a masallaci. Na san ba hurumina ba ne, na san amanarsu nake ci. Na dasa idona a kan tayil ɗin gabana ina istigifari, har yau zan iya zana muku fasalin tayil ɗin nan.

Wata Hajiya Basakkwaciya, mai jiki da fara'a, ta matso ta zauna kusa da ni. Ta ce a unguwar Utaibiyya take, ta ba ni labarin ciwon gwiwarta da na surukarta, ina ta gyaɗa kai. Ta tambayi sunana, na sunkuyar da kai. Ta tambayi Goggo ko kurma ce ni, Goggo ta ce a'a, kunya ce, tun safe take damuna. Hajiya ta ji daɗin wannan amsa ƙwarai. Ta zuba mini dabino a tafin hannu, ta riƙe hannun tana jujjuyawa, ta ce wannan hannun aiki ne.

"Wagga ɗiya akwai natsuwa," in ji ta. "Ɗiyan yanzu ido tsaye. An yi mata miji?"

Goggo ta ce, "Tukuna dai, kuma ban ga alama ba."

Sai Hajiya ta gyara zama ta fara ba mu tarihin ɗanta, direba ne, ba ya shan taba, ɗakinsa da na'urar sanyaya ɗaki. Ina jin Goggo tana tambayar shekarunsa, wai don ta san abin da za ta gaya wa dangi. Ban taɓa sanin tsohuwar nan tana da mugunta haka ba.

Ana cikin haka lasifika ta yi kira daga ɓangaren maza. Wallahi kiran farko ban ma gane ni ake nufi ba, don ban saba jin sabon sunana cikakke da na mahaifina a bakin baƙo ba. Sai da Goggo ta mintsine ni. Aka sake kira. Na raɗa mata, Goggo yaya zan yi? Ta ce dabara ta rage ga mai shiga rijiya. A kira na uku mai lasifikar ya ƙara da cewa wannan ne na ƙarshe, in mai sunan ba ya nan za a ajiye fayil ɗinsa sai an sake ba shi rana. Na san yadda ake samun rana a wurin nan. Kafin ta zo fasfona ya mutu, iƙama ta bi shi, ni kuma na bi su zuwa filin jirgi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Daga tsakiyar mata arba'in, daga ƙarƙashin niƙabi, na buɗe muryar nan gaba ɗayanta na ce, "Na'am! Ga ni nan!"

Nan take wurin ya rikice. Kowa ta kai hannu ga abin rufa, wata ta ja mayafin maƙwabciyarta, mai shayarwa ta juya mini baya tana salati, na hango wata ta cire takalmi ta riƙe. Hajiyata ta saki hannuna kamar ta taɓa garwashi ta ce, "Innalillahi, ƙato na!" Ni kuwa ina tsaye da dabino a hannu, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Bayan kunya ga tsoro, domin na san hukuncin namijin da aka kama da kayan mata a cikin mata a ƙasar nan. Abin da na guje wa a hanya, na zo na tarar da babbansa.

Wata ma'aikaciya mai tabarau ta shigo, ta ce kowa ta zauna. Ta sa ni gaba ni da Goggo zuwa wani ƙaramin ofis, ta rufe ƙofa, ta ce in ɗaga niƙabin. Na ɗaga. Ta kalli gemuna da ya jiƙe da zufa ya manne a haɓa, ta karɓi tsohon fasfon da takardun, ta duba ba tare da gaggawa ba. Ina jiran ta ɗauki waya ta kira askarawa. Sai ta cire tabarau ta murza ido.

"Kai ne dama? Ni na yi aikin fayil ɗinka. Da hannuna na mayar da sunanka layin maza, don kada ka zo ka zauna cikin mata ka ji kunya."

Goggo ta zauna a kan kujera ta yi dariya har da hawaye. Ni ma hawayen ne suka zubo, amma nawa na samun sauƙi ne. Ashe duk tsawon safiyar nan wurina yana can a tanade, kujera ce kawai nake buƙatar in je in zauna. Ma'aikaciyar ta tambaye ni dalilin wannan shiga, na gaya mata batun shinge. Ta ce takardar alƙali da ke hannuna ta fi niƙabi ƙarfi a kowane shinge, kuma in tuɓe maza kafin mai hoto ya tafi salla.

Na roƙe ta alfarma ɗaya, a bar ni in nemi gafarar matan. Ta fita da Goggo suka yi musu bayani a taƙaice, ni kuma na tsaya daga bayan labule, da jallabiyata duk ta yamutse, na ce su yafe mini, tsoro ne ya ja ni, kuma Allah ne shaidata ban ɗaga ido ba. Wasu suka yi tsaki, kuma da gaskiyarsu. Wata ta ce Allah yana halitta yadda ya so, Allah ya rufa asiri. Can sai na ji muryar Hajiya, ta ce ita ta shaida ban kalli kowa ba, ta yafe, dabinon ma in ci halal ne. "Batun ɗana dai na janye," in ji ta. Rumfar ta ɗauki dariya, ni ma na samu na ja numfashi.

Aka ɗauki hoton a yadda nake: ido jajur, ga layin igiyar niƙabi ya kwanta a goshina ɓaro-ɓaro. Mai hoton ya tambaya ko hula ce ta matse ni, na ce eh (Allah ya yafe mini wannan ma). Da muka dawo Malam Sani ya ji labari, bai yi mini faɗa ba, ya dai tashi ya fita waje na ɗan lokaci, ina jiyo shi yana tari.

Bayan mako uku fasfo ya fito, saura kwana kaɗan tsohon ya mutu. A bakin ƙofar ofishin na buɗe shi. Ga sunana, ga harafin da ke cewa namiji, ga fuskata kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ban taɓa ganin hoto mai muni da na so kamar wannan ba. Na nemi gefe na yi sujadar godiya a kan siminti mai zafi, ban damu da masu kallo ba. Aka sabunta iƙama, na ci gaba da zama a garin da aka haife ni, da sunan da nake amsawa.

Shekara biyar na yi ina miƙa wannan hoton ga duk jami'in da ya nema, kuma duk lokacin da na ga layin nan a goshina sai in tuna darasina. Gaskiyar da ka ɓoye don tsoron mutum ɗaya, a gaban mutum arba'in za ka faɗe ta, kuma da ƙarfi.