Yadda Za Ka Gina Wa Mutane Gidan Da Ya Fi Ƙarfinsu

Shekara ashirin da shida na yi ina kafinta a Kopenhagen, ina haɗa wa masu zanen gidaje abin da suka zana, don haka na san sirrin daga tushe. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin shekara biyu mujallu za su kira ka uban zamani, ko da ba ka taɓa riƙe zarto ba. Zan riƙa buga misali da maigidana, Ejvind Thorup, da gidan da ya gina wa tsohon ɗan kasuwar man shanu Holger Damgaard da matarsa Asta a unguwar Klampenborg a 1954.

Mataki na 1: Gyara kamanninka

Ka nemi lofe, da ƙaramin naktaye, da tabarau mai kauri ko da idonka lafiya lau. In an yi maka tambaya kada ka amsa da wuri. Ka zuƙi taba, ka kalli rufi, ka ce, "Haske." Mutane za su ɗauka ka yi magana mai zurfi.

Mataki na 2: Rage wa kujera ƙafa

Tun kaka da kakanni kujera ƙafa huɗu gare ta, wannan kuma shi ne laifinta. Ka zana mai uku, ka miƙa wa kafinta. Ranar da Thorup ya kawo mini tasa na ce, "Yallaɓai, wannan fa in mutum ya miƙa hannu ɗaukar sukari sai ƙasa."

"To wa ya aike shi shan sukari, Vagn?" in ji shi.

Wata huɗu ina fama da katako da gam kafin ta yarda ta tsaya. Sunansa aka buga a ƙarƙashinta. Kai ma naka za a buga, kada ka damu da kafinta, ya saba.

Mataki na 3: Haramta labule

Bangon falo duka ka yi shi da gilashi, ya fuskanci titi. In matar gida ta ce maƙwabta za su gan ta da rigar barci, ka gaya mata mai gaskiya ba ya ɓuya. Kuma kada ka tsaya a bango. Ka zana musu fitila, da cokali, da mariƙin ƙofa, har da inda za a rataya hula, domin duk abin da ka bar musu su zaɓa, sai sun kunyata ka.

Mataki na 4: Nemo abin da suka fi so, ka kore shi

Kowane gida yana da shi. A gidan Damgaard wata jibgegiyar jar kujera ce mai geza, ta mahaifiyar Asta. A kanta ta shayar da 'ya'yanta uku, a kanta take saƙa, har kujerar ta ɗauki siffar jikinta. Muni kam tana da shi, ban musa ba. Thorup ya ga masu kaya sun shigo da kujerar, ya cire lofe daga baki.

"Wannan gawar fa, ina za a binne ta?"

Asta ta ce, "Kusa da taga, yallaɓai. Ta girme ka, ka gaishe ta."

"Uwargida, ko ita ko ni."

Holger ya kalli matarsa, ya kalli mutumin da ake cewa zai sa gidansa ya fito a mujalla, ya ce, "Asta, haƙuri za ki yi, na ɗan kwana biyu ne." Ni aka sa na kinkimi kujerar zuwa ɗakin ajiye kekuna a bayan gida. Matar ba ta yi kuka ba, bin bayana kawai ta yi da kwandon saƙarta, kuma wallahi ranar na ji kunyar sana'ata.

Mataki na 5: Kai ziyarar bazata

Mutane ba su da amana, kana juya baya za su matsar da tebur. Ka sa kafinta ya kafa 'yan ƙusoshin tagulla a ƙasa daidai inda kowace ƙafar kujera za ta tsaya. Sannan duk Lahadi ka faɗo musu da tef ɗin awo, lokacin shan kofi. In ka tarar da hoton jika a bango, ka kife shi a durowa cikin ladabi.

Mataki na 6: Ka jira

Asta ta fara da awa ɗaya a ɗakin kekuna bayan abincin rana. Sai tukunyar kofi ta bi ta. Sai rediyo. Da dusar ƙanƙara ta fara sauka ta aiko mini, na toshe mata tsagogin bango, na kafa murhu, na ɗaura mata sandar labule da hannuna. Holger ya daure har Kirsimeti yana cin baƙin burodi da kifi shi kaɗai a kan ƙafa uku, titi na kallonsa, sannan ya ɗauki filonsa ya tsallaka tsakar gida yana sallama kamar baƙo.

Mataki na 7: Kira mai hoto

Yanzu gidanka ya cika gida: ba ƙura, ba takalmi a bakin ƙofa, ba mutum. Thorup ya zagaya ɗakunan idonsa cike da ƙwalla, ya ce bai taɓa samun masu gida masu fahimta irin waɗannan ba. A bazara aka ba shi lambar yabo.

Togaciya

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin ciwon baya, ko karayar ƙugu, ko auren da ya koma ɗakin kekuna. Ni kafinta ne, abin da aka zana nake haɗawa. Duk mai ƙorafi ya je wurin Asta, tana nan inda na aje kujerarta shekara tara ke nan. Wani ɗan jarida ya taɓa samunta a can, ya tambaye ta yaya daɗin zama a gidan da ya fi kowanne kyau a ƙasar.

Ba ta ko ɗago daga saƙarta ba ta ce, "Ina zan sani, ɗana? Ni ma ta taga nake ganinsa."