Ƙyallen Ranka-ya-daɗe a Bishiyar Waliyyiya

Idan wanda bai yarda da waliyyai ba ya ɗebi ruwa a rijiyar waliyyiya, sata ya yi ko tuba? Na bincika duk littattafan da na tsinto a gwanjo, ban sami amsa ba.

Wata goma sha huɗu ke nan da aka liƙa mana takarda a ƙofar cocin Kilmoyra: a riƙa tafasa ruwan famfo, "na ɗan lokaci". Kashin shanun kan tudu ne ke gangarowa tafkin da famfonmu ke jan ruwa. Ranar Litinin matata Nuala ta manta ta kurkure baki da shi. Tun ranar ban-ɗaki ya zama falonta.

Kada ku ce an manta da mu. Ranka-ya-daɗe Sarkin Famfunan Talakawa da kansa ya zo ranar Talata, ya yanke jan ƙyalle a ƙofar sabuwar matatar ruwa. Gini tsaf, sai dai ba inji a ciki. Ya ɗaga kofi aka ɗauki hoto, ya kai bakinsa, sai ya tuna likita ya hana shi ruwan sanyi. Mutum mai bin doka! Na tsinci guntun ƙyallen na sa aljihu, don tarihi.

A hanyar gida na haɗu da maƙwabciyata Dympna, mai shekara tamanin, wadda cikinta bai taɓa ko ƙugi ba. Ita ruwan rijiyar waliyyiya take sha.

"Cathal, je ka ɗebo wa yarinyar nan matarka. Ka zaga rijiyar sau uku ta dama, ka ɗaura tsumma a bishiyar ƙayar da ke gefenta, shi ke nan."

"Inna Dympna, ni mutumin hujja ne. Ba na yi wa itace ado."

"Hujjar taka sau nawa ta kai Nuala ban-ɗaki yau?"

A ɓoye na aika kwalba biyu gwaji a birni, ɗaya daga jarkar Dympna, ɗaya daga famfonmu. Na rijiya: tsaf. Na famfo: ko kare kada a ba. Nuala kuma ta rantse ko an tafasa ba za ta ƙara haɗiye shi ba, ga leɓenta duk ya bushe.

Na ɗauki jarka da sassafe don kada a gan ni. Sai ga Dympna zaune a kan dutse.

"A'a, malam mai hujja! Ɓatan hanya ka yi?"

"Binciken kimiyya na zo yi."

"To, kimiyyar ma sai ta zaga sau uku."

Na zaga, tana ƙirgawa da ƙarfi, har ta ce na biyun bai cika ba. Na laluba aljihu neman tsumma, sai na ji guntun ƙyallen Ranka-ya-daɗe. Na ɗaura shi a reshe, ƙulli biyu.

A gaya wa mai girma ya kwantar da hankalinsa: ƙyallensa ya buɗe wurin da ruwa ke fitowa.