Monitar da Ta Ƙi Zaman Agege

Ba zan taɓa mantawa da makonni biyun nan ba ko da na so, domin har yau akwai mutane a Agege da suka ɗauki alkawarin ba za su bar ni in manta ba.

Shekara ta biyu ke nan da sojoji suka koma bariki, kowa a Legas yana ji a jikinsa cewa wata ƙofa za ta buɗe masa. Ni kuma na gama kwas ɗin kwamfuta na wata uku a wani bene da ke Ogba, an ba ni takarda mai jan hatimi. (Abin da na koya bai wuce kunnawa da kashewa da buga sunana da manyan baƙaƙe ba, amma wannan tsakanina da kai ne.) Tun daga ranar 'yan layinmu suka soma kirana Injiniya, ni kuwa ina amsawa har da gyara wuyan riga.

Kawuna Alhaji Sale, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, ɗan kasuwar goro ne. Yana da wani ɗan shago a bakin titi da ya daina ajiye kaya a ciki. Na same shi na ce ina so in buɗe gidan wasan kwamfuta, samari su riƙa zuwa suna buga ƙwallo da tseren mota a allo. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, na ba ka mako biyu. Ran Alhamis ta sama zan zo in gani da idona. In abin ya yi, shago naka ne. In bai yi ba, Malam Isa tela ya daɗe yana roƙona, kai kuma ka bi motar goro zuwa Shagamu." Ba abin da na tsana a duniya kamar bin motar goro, don haka na ce na amince tun kafin ya rufe baki.

Injin kwamfutar ina da shi, wani abokina ya bar mini da zai koma Kano. Abin da ya rage shi ne monita, wato allon da ake kallo. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihuna, sai na nufi kasuwar 'yan kwamfuta ta Ikeja neman tokumbo, wato ta hannu. Ina cikin cunkoso, wannan ya ja hannuna wancan ya ja rigata, sai na ji an ce, "Sannu ɗan'uwa, me ake nema?" Wani mutum ne gajere mai furfura a gemu, sunansa Mista Bitrus, ɗan kudancin Kaduna. Jin Hausa a tsakiyar wannan hayaniya ya sa na bi shi kamar raƙumi da akala.

Ya fito mini da wata monita mai ƙaton ƙeya, farinta ya koma ruwan madara don tsufa. Ya haɗa ta, ya sa wasan ƙwallo. Wallahi ciyawar filin kore shar, har sai da na ji kamar in tuɓe takalmi in shiga. Muka yi ciniki muka daidaita. Yana ɗaure ta da igiya ya ce, "Bari in gaya maka yadda za ka ajiye shi a shago, don wannan abu yana da doka."

"Oga, bar shi kawai," na ce masa. "Ni injiniya ne."

Ya dube ni, ya ce to, ya ci gaba da ɗaurinsa.

A cinya na ɗauko ta cikin motar hayar da ake kira danfo, kwandasta yana ta ihun "Oga, load go pay o!", wai sai na biya kuɗin kaya, ni kuma ina rungume da ita kamar mai jego. Da na iso shago sai na tuna ba ni da tebur. Amma abokina Ɗanlami, mai sa kiɗa a gidajen biki, ya riga ya ara mini wata tsohuwar sifika, ƙatuwa, ta kai mini ƙugu, katakon bayanta ma ya daɗe da ɓallewa. Dabarata ita ce duk lokacin da aka ci ƙwallo a ji ihun har bakin titin jirgin ƙasa, samari su yo ca. Na dubi sifika, na dubi monita, sai wata basira ta sauko mini: ga tebur nan kyauta! Na ɗora monitar daram a kanta, na ja da baya ina yaba wa kaina.

Na kunna. Ciyawar da na baro kore a Ikeja ta zama ruwan zoɓo. 'Yan wasa fuskokinsu shuɗaye, ƙwallon kuwa in ta gangaro ƙasan allo sai ta canja launi sau uku kafin ta fita. Na kashe, na kunna. Na zare waya, na hura mata iska, na mayar. Na bubbuga gefenta kamar yadda ake yi wa rediyo. Ilimina na wata uku ya ƙare a nan, zoɓo kuwa yana nan daram.

Washegari na sake saɓar ta zuwa Ikeja. Mista Bitrus ya haɗa ta a teburinsa, sai ga kore shar kamar ba ita ba. Ya tambaye ni, "A shagonka, mene ne kusa da shi?" Na ji tambayar kamar raini. Na ce masa shagona lafiya lau yake, kayansa ne ke da aljanu. Bawan Allah bai yi musu ba, ya canja mini wata, har ta fi ta farko haske. Na kawo ta Agege, na ɗora ta a inda na ɗora 'yar'uwarta, na kunna. Zoɓo.

Daga nan magana ta bar hannuna ta shiga unguwa. Iya Basira, mai sayar da amala a gefen shagon, ta leƙo ta kama haɓa ta ce, "E pele o, sannu Injiniya. Wannan shago tun da can ba na yarda da shi." Ɗanlami kuwa ya ja ni gefe ya rage murya ya ce, "Kai ma ka cika sanyi. Wa ke son shagon nan in ban da kai? Abu ya yi kyau a Ikeja, ya shigo nan ya lalace, kana neman wani bayani?" Yana nufin Malam Isa tela, mutumin da bai taɓa yi mini komai ba sai ɗinkin sallah. Ina jin kunyar faɗa, amma na daina gaishe shi. Kuma ni ɗin nan, mai takarda da jan hatimi, na sayo tazargade na rufe ƙofa na turara monita har sai da hawaye ya zubo mini. (Hayaƙin ya kori sauro, wannan kam ba zan ci amanarsa ba.)

Ranar Alhamis ta zo, zoɓo bai gusa ba. Tun asuba nake ganin motar goro a idona. Tsoro ya juye ya zama fushi, na sake ɗaukar monita na nufi Ikeja a karo na uku, wuyana kamar zai karye. Wannan karon ban ko yi sallama ba. Na dire ta a ƙofar shagon Mista Bitrus na buɗe murya. Na kira shi mayaudari. Na ce ya ga Bahaushe ya ɗauka baƙauye ne, yana da wata waya ta musamman da yake gyara launi da ita a gaban mai saye. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Turancin Buroka don maƙwabtansa su ji, suka kuwa taru suna kallo.

Mista Bitrus ya miƙe. Ya ɗauko kwaɗo ya kulle shagonsa da rana tsaka, ya ɗora monitar a kafaɗarsa ya ce, "Mu je Agege." A cikin danfo ina ta huci, shi kuwa yana cin gyaɗa.

Mun iso bayan la'asar, muka tarar Kawu ya riga mu, yana zaune a benci da abokansa biyu na majalisa. Malam Isa tela ma yana nan, awo a wuya, almakashi a aljihu, ya zo jin hukunci. Iya Basira ta bar tukunyarta ta matso. Na ce a raina madalla, yau kowa zai shaida ba laifina ba ne. Na karɓi monitar na ɗora ta a mazauninta, na haɗa, na kunna, na nuna da hannu biyu na ce, "To ga shi, Kawu. Ku gani da idonku irin kayan da ya sayar mini."

Mista Bitrus bai ko kalli allon ba. Abin da ke ƙarƙashinsa yake kallo. Ya zagaya bayan sifikar ya leƙa, ya ɗago, na ga gemunsa yana rawa don danne dariya. Ya ce, "Baba, a taimake ni da benci." Kawu da abokansa suka miƙe. Mista Bitrus ya sauke monitar ya ɗora a bencin can gefe guda, ya kashe, ya ɗan jira, ya kunna. Ta yi wani ƙara, ɓum, hoton ya girgiza ya tsaya. Kore shar.

Mista Bitrus bai tsaya nan ba. Ya juya wajen Malam Isa ya ce, "Maigida, ara mini almakashi." Ya kai shi kusa da bayan sifikar ya saki. Almakashin ya yi tsalle ya manne, ƙwas, ya tsaya a rataye ba mai riƙe da shi.

"Maganaɗisu ne a ciki, babba," in ji shi. "Shi ke jan launi. Ko talabijin ka sa a nan haka zai yi. Shi ne abin da na so in gaya maka ranar farko."

Jama'a, na so ƙasa ta tsage in shige. Iya Basira ta tafa hannu ta yi waje tana kiran sunan Allah da Yarbanci, kuma na san kafin magariba labarin zai kai kasuwar Sango. Malam Isa ya ɓamɓare almakashinsa da ƙyar, ya shinshina iska ya ce, "Wai ni ƙamshin tazargade nake ji ne?" Ɗanlami, wanda ya shigo ana tsakiyar abin, ya zame ya fita kamar bai taɓa sanina ba.

Kawu ya ɓare goro ya jefa a baki. Ya ce wa Mista Bitrus, "Sau nawa ya kawo maka ita?" Ya ce sau biyu bayan saye. "Ya yi maka rashin kunya?" Mista Bitrus ya ce, "A'a Baba, zafin kai ne na yara." Kawu ya ce, "Wanda ya rufe shagonsa da rana ya biyo yaro har Agege, ba ƙaramar magana aka gaya masa ba."

Na sunkuyar da kai ina jiran a ce Shagamu. Sai ɗaya daga cikin abokan Kawu, wani dattijo direban tirela da ya yi ritaya, ya ce a sa masa wasan motar nan ya gani. Mista Bitrus ya sa masa. Cikin minti ɗaya ya kifar da mota sau huɗu, yana rantsuwa sitiyarin ne ba shi da kyau. Kawu ya yi dariya har da tari, samarin layi suka cika ƙofa suna leƙe, wasu har suna tambayar yaushe za a buɗe.

Da dariya ta lafa Kawu ya dube ni ya ce, "Abin ya yi, na gani. Malam Isa, ka yi haƙuri, zan nema maka wani wurin. Amma kai, ba za ka karɓi makulli ba sai gobe ka koma inda ka tsaya ka zagi mutumin nan, ka ba shi haƙuri. Da irin muryar da ka zage shi, kada ka rage ko kaɗan."

Haka kuwa aka yi. Ranar Juma'a da hantsi na tsaya a tsakiyar layin 'yan monita na Ikeja, na buɗe maƙogwaro na sanar da duniya cewa Mista Bitrus mutumin kirki ne, ni ne na ɗora kayansa a kan sifika. Na faɗa da Hausa, maƙwabtansa suka ce ba su ji ba, sai na maimaita da Buroka. Suka yi ta shewa, wani har ya miƙo mini ruwan leda. Mista Bitrus ya dafa kafaɗata ya ce in ina so in riƙa zuwa da safe ina koyon aiki, ƙofarsa a buɗe take. Na yi shekara biyu ina zuwa, kuma a teburinsa na koyi duk abin da nake ci da shi yau. Da na dawo Agege na wuce shagon Malam Isa na gaishe shi har ƙasa, bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

An ce matambayi ba ya ɓata. Ni nawa ya fi haka muni, domin ban ma tambaya ba aka zo ba ni amsa kyauta, na ce a bar shi. Shi ya sa yanzu in dattijo ya ce mini "bari in gaya maka," ko jirgi zan hau sai na nemi wuri na zauna. Kuma in har zan zagi mutum, nakan yi a hankali, don na san da wace murya ake biya.