Jana'izar Baban Mista Lin

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, ko da kuwa na so in manta. Lokacin ina zaune a can, a wata unguwa mai suna Panyu, ina yi wa 'yan kasuwarmu jagora, kuma a ganina babu wanda ya kai ni sanin halin mutanen ƙasar (Sinancin nawa kuwa bai wuce "laoban" da "meiyou" ba, wato maigida da babu).

Maƙwabcina wani siririn mutum ne, Mista Lin. Kullum da la'asar sai in ji wani nishi mai kauri yana ratso bango, irin na tsohon da ciwo ya ci ƙarfinsa. Nan take babban likita, wato ni, ya yanke hukunci cewa mahaifinsa ne ke jinya.

Ana nan sai Alhaji Sani na Maraɗi ya zo sarin takalma, ya sauka a wurina. Wakili na dindindin yake nema, ni kuma aikin nake so ido rufe. Na cika shi da labarin yadda na san mutanen nan ciki da bai, har da tsohon da ke fama a maƙwabta.

Ran Asabar nishi ya ɗauke. Sai ga Mista Lin a bakin matakala cikin baƙar kwat, yana kokawa da wani farin akwati mai tsawon mutum, har da wuya da kafaɗu.

Na ce, "Alhaji, ta faru ta ƙare. Mu sauke haƙƙin maƙwabtaka."

A Kano in makara ta zo wucewa ba tambaya ake yi ba, kafaɗa ake sawa. Muka sa. Mista Lin yana ta godiya, muka bi shi har cikin mota. Da Alhaji ya yi mamakin rashin nauyin gawar, na bayyana masa cewa yawan cin ganye ne. Wallahi har ƙwalla na matso.

Mota ta tsaya a otal, na ce ai su da walima suke farawa. Muka ratsa taro da akwati a kafaɗa, ga amarya, ga ango. Mista Lin ya buɗe, sai ga wani ƙaton goge da ake kaɗawa a tsaye, ya fi ni tsawo. Yana goga masa sanda, nishin tsohon nan ya cika ɗakin. Na so ƙasa ta tsage.

Wata ma'aikaciyar otal ta shaida mana cewa mutumin gwani ne. Yana kiɗa a babbar ƙungiyar makaɗan gari, yana yi a otal da bukukuwa, yana kuma koyar da yara.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, Baban ya samu sauƙi. Ga shi har yana yi wa amarya waƙa."

Wakilcin dai wani Bazabarme aka ba. Ni kuwa tun daga ranar, ko makara na gani a Kano, sai na tambayi sunan mamacin kafin in sa kafaɗa.