Rasuwar Jan-Ido, Madubin Saitin Bindigar Toktosun

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Toktosun ɗan Abdirasul, makiyayi a kwarin da ke sama da garin At-Bashi, nake sanar da 'yan'uwa da surukai da abokan farauta rasuwar abokina, madubin saitin bindigata mai jan ɗigo, wanda duk kwarin nan ya sani da suna Jan-Ido. Ya rasu da safiyar Talatar da ta wuce, a bayan garken tumakina, ana tsakiyar haihuwar tumaki, lokacin da aka fi bukatarsa.

Marigayin ba ɗan ƙasar nan ba ne. A cikin kwali ya zo, da rubutun da babu wanda ya iya karantawa a gidanmu. Amma ya zauna da mu zaman amana, don haka ya kamata a san yadda aka yi ya shigo cikinmu.

Bindigata ta mahaifina ce, tun zamanin Sobiyet. Mai saiti da ƙarfe abu uku yake kallo lokaci guda: tsagar baya, da tsinin gaba, da abin da zai harba. Da girma ya fara kama ni, sai idona ya riƙa zaɓar ɗaya yana barin biyu. Ban gaya wa kowa ba. Ran nan da rana tsaka kyarkeci ya sauko ya kama dukushin farar goɗiyata, ina tsaye ina kallo. Na harba, na sake harbawa, ƙanƙara kawai na tayar. Maƙwabcina Kadirbek yana kan dokinsa a tudu, komai a idonsa aka yi.

Da yamma ya leƙo ya ce, "Baike, babban yaya, kyarkecin ya ce in gaishe ka. Wai ya gode da rakiya."

A ranar kuma ɗana Ularbek ya kira daga birnin Bishkek. "Ata, ka sayar da tumakin nan ku sauko. Ga ɗaki, ga ruwan zafi a bango, me kuma kake nema a dutse?"

Na ce masa, "Ni akuya ce da za a ɗaure ni a saman bene?"

'Yata Nurjamal, wadda take koyarwa a Narin, ita ce ba ta ce in sauko ba. Mota ta aiko, ta kai ni shagon Usta Esengul, maƙerin bindiga. A nan na fara ganin marigayin, yana kwance a kan tebur cikin 'yan'uwansa.

Ba shi na fara ɗauka ba, Allah Ya yafe mini. Wani dogo na ɗauka, mai jawo nesa kusa. Usta ya karɓe ya ce kafin in nemo kyarkeci a cikinsa, kyarkecin ya ƙoshi ya wanke baki. Na ɗauki wani buɗaɗɗe, gilashinsa a tsaye kamar madubin aski. Ya ce wannan na 'yan birni ne masu harbin takarda, ƙanƙara ɗaya ta faɗa masa ya makance. Sannan ya miƙo mini wani gajere, rufaffe gaba da baya, bai fi kofin shayi ba. Ɗigonsa ba ƙarami ba ne sosai, don Usta ya ce idona ya wuce neman ƙaramin abu. Na kai shi fuska na rufe ido ɗaya, kamar yadda na saba tun ina saurayi.

Usta ya ce, "Buɗe duka biyun, aksakal, dattijo mai farin gemu. Ba budurwa kake kashe wa ido ba."

Na buɗe. Sai ga jan ɗigo zaune a jikin bango, tsaf, kamar an ɗiga jini a kan madara. Duk inda na juya yana nan. Babu tsaga, babu tsini, abu ɗaya tak ake nema daga idona.

Ɗaura shi ya ci mana yini. Usta ya haɗa masa ƙafa a gefen bindigar, ya saukar da shi ƙasa-ƙasa yadda kumatuna zai zauna a kan katako ba sai na ɗaga wuya ba. Ya goge kowane noti, ya ɗiga masa gam, yana ɗaure wannan kaɗan, ya koma wancan kaɗan, bai yarda ɗaya ya riga ɗaya ba. Daga nan muka fita bayan gari, aka jingina murfin tukunya a jikin dutse. Harbin farko ya tafi sama ta hagu. Usta ya murɗa ɗan maɓallin gefe, sai na ji muryar marigayin a karon farko: ƙis, ƙis, ƙis. Iyakar maganarsa ke nan a duniya. Da murfin tukunyar ya yi tsalle ya kife, Nurjamal ta yi tafi kamar ƙaramar yarinya, ni kuwa na juya baya na ce iska ce ta shigar mini ido.

Na shaida, kuma kwarin nan shaida ne, marigayin mai ƙanƙan da kai ne. Abincinsa ɗan batir ne kamar maɓallin riga, ɗaya ya kai shi wata da watanni. Ba ya ƙorafin ruwa, ba ya ƙorafin jijjigar doki. Sanyi ne kawai ba ya so, shi ya sa nake ɗauke masa guzurin batir a cikin hulata. Bai taɓa nuna mini wuri ya aika harsashi wani wurin ba. Bai taɓa kai maganata gidan kowa ba.

A sanyinsa na farko muka kayar da uwar kyarketan da ta addabi garkuna huɗu. Kadirbek da kansa ya zo da salkar kimiz, nonon goɗiya mai tsami, ya zauna ya sha shayi bai yi zolaya ko ɗaya ba, har matata Shayirkul ta tambaye shi ko ba shi da lafiya. A bikin da aka yi bayan nan, gabana aka ajiye kan rago, rabon wanda aka fi girmamawa. Ularbek ya daina maganar ɗaki da ruwan zafi. Shekarun da na ƙara a kan dutsen nan ina mai gidan kaina, marigayin ne ya ba ni su.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da kakar bara. Ɗigon ya fito da wutsiya. Na canza batir, na goge gilashi da gefen rigata, wutsiyar ta ƙara tsawo. Kafin ƙanƙara ta rufe hanya ya koma kamar an murƙushe 'ya'yan itace, ja ya bazu ko'ina. Na naɗe shi a tsumma na kai wa Usta. Ya leƙa ya daɗe. Ya miƙa wa Nurjamal, ita ma ta leƙa. Suka dubi juna.

Usta ya ce, "Aksakal, ɗigon nan a dunƙule yake kamar ranar da na ɗaura shi. Lafiyarsa ƙalau. Asibitin ido yana nan bayan kasuwa."

Na ce, "Kai ma ka tsufa, Esengul. Ba ni kayana."

A bakin mota Nurjamal ta riƙe hannun rigata. "Ata, don Allah kada ka ɗauki bindigar nan sai an duba ka. Yana ce ta fara rufe maka ido, cire ta ake yi."

Na ce mata to, bari tumaki su gama haihuwa.

A makon da ya wuce kyarketai suka shiga garken Kadirbek suka yi ɓarna, muka ga sawunsu har bakin rafinmu. Ranar Talata na fito da sassafe, hazo ya sauko har ƙasa. Shayirkul ta riga ni tashi, na ɗauka tana wajen saniya ta ɗaya gefen gida. Sai na ji kukan ɗan rago a bayan garke. Na duba, na hango wani abu toka-toka a durƙushe a jikin shinge, yana motsi, kukan kuma daga ƙarƙashinsa yake fitowa. Na ɗauko bindiga. Na ɗora ja a kansa, jan ya bazu ya rufe shi duka. Yatsana ya hau kunama, har na fara matsawa.

Ba hankalina ne ya tsayar da ni ba. Abin ne ya yi tari. Tarin da nake ji a gefena tun ranar da aka kawo ta gidan nan.

Shayirkul ta miƙe tsaye cikin tsohuwar rigar fatar mahaifina, rungume da ɗan ragon da aka haifa a cikin ƙanƙara. Ta hango ni, ta yi dariya.

"Kai tsoho, yau ni ce kyarkecin?"

Ta ƙara matsowa, ta dubi fuskata, ta dubi inda yatsana yake. Dariyar ta tsaya. Ta tako a hankali har gabana, ta ɗora mini ɗan ragon a ƙirji, ta zare bindigar daga hannuna.

"Riƙe wannan," in ji ta. "Shi ya fi bukatarka."

Ta cire harsashin ta jefa a aljihu, ta jingina bindigar da shinge, ta shige gida. Na ji tana hura wuta kamar kullum.

Bayan na kai ɗan ragon wurin uwarsa, na dawo don in kwance marigayin. Notin suka ƙi. Gam ɗin Usta ya riƙe su. Sai na ɗauko dutsen da muke fasa wa tumaki gishiri. Sauti na ƙarshe da ya yi ba irin muryarsa ba ce, ƙarar gilashi ce. Ya faɗi a cikin ƙanƙara, jan ya ɗan ci gaba da haske, sannan ya ɗauke. Na san Usta zai ce mai lafiya na kashe. Ba zan yi masa musu ba.

Marigayin ya rasu ya bar bindigar mahaifina da tabo a gefenta, wadda Shayirkul ta naɗe a bargo ta kai gidan Kadirbek ajiya. Ya bar batir ɗaya a cikin hulata, da murfin robarsa. Ya bar tumakin da yanzu karnuka da ihu kaɗai ke tsaronsu. Ya bar Ularbek, wanda yake hanya tare da wani mai sayen dabbobi, wai dubawa kawai zai yi. Ya bar Shayirkul, wadda tun ranar nan take yi mini magana da taushi, ba ta sake ce mini tsoho ba, kuma wannan ya fi faɗanta tsorata ni. Ta ce ko likitan idon da za a kai ni wurinsa a Bishkek ya mayar mini da idon gaggafa, bindiga ba za ta sake kwana ɗaki ɗaya da ita ba. Likitan kuwa bai yi alkawarin komai ba.

Za a binne marigayin ranar Alhamis bayan Azahar, a kusurwar garke ta gabas, inda ƙasa ta fara narkewa. Ba za a yanka doki kamar yadda ake yi a rasuwar manya ba. Akwai shayi da madara, akwai borsok mai zafi, irin fankenmu na nan, wanda ya zo da wuri zai samu kirim. Ba a bukatar addu'a ga mamacin, ƙarfe ne da gilashi. Mai niyyar addu'a ya yi wa matar gidan ta tsawon rai, ya yi wa mai gidan ta abin da ya ga ya dace. Kada kowa ya zo da bindiga. An yarda wa Kadirbek zolaya guda ɗaya, in zai iya. Za a tashi kafin Magariba, don washegari motar Bishkek za ta zo ɗaukata.

Roƙo na ƙarshe ga masu zuwa ta'aziyya: zan zauna a gefen murhu, fuskata tana kallon ƙofa. Duk wanda zai shigo, ko ɗan'uwana ne na jini, ya faɗi sunansa tun daga bakin ƙofa.