Ɗanliti da Gyatsar Talle

Gidanmu a Unguwar Tsamiya mu biyu ne, ni da ƙanena Ɗanliti. Gemunsa ya fara furfura amma bai taɓa aure ba, domin Allah ya yi shi mutum ne da idan ka faɗa masa magana, a inda ka ajiye ta nan zai ɗauke ta, ba ƙari ba ragi. Sai 'yata Barira ta rasu wajen haihuwa, ta bar mini jariri. Ubansa direban babbar mota ne, kullum yana hanya. Muka riƙa kiran yaron Talle. Madarar gwangwani yake sha a bulumboti, yana zuƙa da iska, sai ciki ya kumbura kamar ganga, ya naɗe ƙafafu yana tsala kuka har ya shiɗe. Duk sanda ya shiɗe sai in ce shi ke nan, shi ma zai bi uwarsa.

Wata rana zan je ɗibar ruwa, na ce, "Ɗanliti, ka sa masa ido, kada ka ɗauke." Na dawo na tarar awaki sun cinye geron da na shanya, miya ta ƙone ƙurmus, shi kuwa yana durƙushe kan yaron, hawaye na zuba don ko ƙiftawa bai yi ba.

"Ba ka ga awaki ba?"

"Na dai ji su, Yaya. Idon yana wurin aiki."

Wata rana muka kai Talle asibiti. Malamar asibitin ta ce a riƙa ɗora shi a kafaɗa bayan ya sha, a shafa bayansa har ya yi gyatsa, a kuma motsa masa ƙafafu kamar mai tuƙa keke. Ni dai kaina ya yi nauyi, rabin maganar ta wuce ni. Da yamma sai ga Ɗanliti ya turo keken mai gyaran rediyo har tsakar gida. Ya ɗaga jariri ya gwada shi da sirdi, ya duba feda, ya girgiza kai.

"Yaya, wannan maganin sai ya girma. Ƙafar ba ta kai ba."

Wata rana aka taru addu'ar arba'in ta Barira. Tun safe cikin yaron ya ɗaure, na ce wa Ɗanliti idan iskar ta fita ya sanar da ni. Liman yana tsakiyar addu'a a ƙofar gida, mata mun yi tsit a ciki, sai muka ji murya daga kan katanga:

"Yaya! Albishirinki! Talle ya yi tusa! Doguwa!"

Liman ya sarƙe, wani dattijo ya ce amin bai sani ba. Na rufe fuska da mayafi, kafaɗuna na rawa, mata suna ba ni haƙuri. Dariya nake yi, Allah ya yafe mini. Ita ce ta farko tun da aka fita da Barira.

Wata rana abin ya yi tsanani. Gwaggo Sahura, kakar yaron ta wajen uba, ta ce babu sauran magani sai wanzam ya tsaga cikin yaron, mugun jini ya fita. Zuciyata ba ta so ba, amma wanda ya binne ɗa, ko me aka ce masa magani ne zai miƙa hannu. Da hantsi na ba Talle madara, na miƙa wa Ɗanliti don in share zaure.

"Riƙe shi a kafaɗa. Kada ka ajiye shi, kada ka ba kowa, sai ya yi gyatsa."

Wanzam ya zo da zabirarsa, ya shimfiɗa fata, ya wasa aska. Na ce, "Kawo shi."

"Bai yi ba."

"Ni na ce ka riƙe, ni kuma na ce ka kawo."

"Waccan maganar ta riga wannan, Yaya."

Gwaggo Sahura ta miƙe. "Kai shashasha, ba ni jikana!"

"Ke ma kowa ce, Gwaggo."

Ta nufe shi, ya kewaya turmi. Na tare ta nan, ya bi bayan rumbu. Ba gudu yake ba, wata 'yar sassarfa ce, cikin yaron manne da kafaɗarsa, tafin hannunsa na shafa bayan ba fasawa. Gwaggo tana haki tana zagi, wanzam yana tsaye da aska yana cewa shi fa yana da kaciya a wani gari. Ana cikin haka sai muka ji wata gyatsa da ko ƙato ya ci tuwon dawa sai haka. Ta ƙasa ma ta biyo baya. Kukan ya tsaya cak.

Ɗanliti ya tako a hankali ya miƙa wa wanzam yaron. "To, ga shi. Ya yi."

Wanzam ya taɓa cikin, ya ji shi laushi kamar ƙullin fura, yaro har ya yi barci. Ya naɗe askarsa.

"Ni ba na tsaga mai barci," in ji shi. "Ku bar wa wannan bawan Allah aikinsa."

Muka bar masa. Yau Talle yana aji biyu, cikinsa sumul babu tabo ko ɗaya. Kowace safiya in ya sha kunu, Ɗanliti zai tare ƙofa, ya sunkuya ya ɗora shi a kafaɗa, ƙafafun na reto har gwiwarsa, ba makaranta sai ya yi gyatsa. Maƙwabta suna cewa in gaya masa ya isa haka. Ni kuwa na san ƙanena: in na jira yaron ya yi gyatsa na ce ya bari, zai bari. Shi ya sa ban faɗa ba.