Agogona a Gaban Kwamitin Satar Amsa

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe takwas da minti arba'in da ɗaya na safiyar wata Laraba ne al'amurana suka fara lalacewa. Na san mintin ne domin wanda ya lalata su da kansa ya rubuta ya ajiye. Ina nufin agogona.

Bari in gabatar da kaina, tunda a rubuce ne, ba sai na ɗaga ido na kalli kowa ba. Ni ɗaliba ce a wata kwaleji a Yola, ina karanta labarin ƙasa. Asalinmu mutanen Borno ne. Ina 'yar shekara tara muka gudo da rikici ya ci garinmu, muka yi wata goma a sansanin Malkohi kafin Goggo, ƙanwar babanmu, ta kwashe mu zuwa gidanta a unguwar Rumde. Yaran da muka zauna tare a sansanin sun fito da Fulatanci da ƙawaye da iya faɗa. Ni na fito da shiru da son littafi. Har yau in aka yi sallama a gidanmu, ni ce ta farko da ke tunawa tana da wanki a bayan ɗaki.

Yayana, Ya Modu, mai shagon waya a kasuwar Jimeta, shi ya kawo mini agogon, irin na zamani mai haɗuwa da waya. Ba don ƙauna kaɗai ba. Ya gaji ne da kirana ina cewa ban ji ba.

"Yanzu a jikinki zai yi kuka," ya ce. "In ga ƙaryar da za ki yi."

(Na samu wata. Ba caji. Kuma yawanci gaskiya ce.)

Domin kwana biyu agogon yake yi da caji, unguwarmu kuwa takan yi kwana uku ba wuta. Sau nawa ina cikin keke wani ya ce, "Malama, ƙarfe nawa?" in ɗaga hannu in ga baƙin gilashi yana kallona. Madaurinsa na roba ne, a zafin Yola, sati ɗaya ya feso mini ƙuraje kamar an zana mini awarwaro, sai da na canza na yadi mai talewa. In na zauna ina karatu na awa guda, sai ya zungure ni wai in tashi in motsa jiki. In na daka wa Goggo barkono, sai ya taya ni murna wai na yi gudu. Ranar da na wanke zannuwan gado ban fita ko ƙofar gida ba, lissafinsa ya nuna na taka daga Rumde har tafkin Njuwa. Goggo ba ta taɓa yarda da shi ba.

"Mala'iku biyu da ke rubuta aikinki ba su ishe ki ba," ta ce, "sai kin ƙaro na uku mai cin caji?"

Sai kuma alwala. Sau biyar a rana sai ka kwance, ka nemi inda za ka ajiye, ka tuna ka ɗauka. Wata rana na mance shi a kan famfon masallacin mata na kwaleji, wata baiwar Allah ta biyo ni har tsakiyar fili tana ihu, "Mai agogo! Ke mai agogo!" Kowa ya juyo. Gara a ce sace shi ta yi. Daga ranar na ƙirƙiro dabara: ba na kwance shi, sai in tura shi can sama da gwiwar hannu, in wanke hannuna sarai, in na idar da salla in sauko da shi. (Hannuna kamar sillen kara yake, ko zobe ma zai wuce.) Na yi alfahari da wannan dabara ƙwarai.

Abu ɗaya nake so a jikinsa, wato tunatarwa. Kana rubuta masa saƙo ka sa lokaci, in lokacin ya yi ya girgiza ya nuna maka. Na cika shi da saƙonnin da nake rubuta wa kaina, irin waɗanda ko matashin kaina bai san da su ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, ranar Larabar nan muna da jarrabawar ƙarshe ta shekara ta biyu, ƙarfe tara. Dokar makaranta a fili take: duk wanda aka kama da waya ko irin wannan agogo a ɗakin jarrabawa, kwamiti zai zauna a kansa, kuma kora ce ke jiransa. Na san dokar. Ni da na kwafe ta da hannuna a bangon littafina, har na ja mata layi da jan biro.

Takwas da arba'in da ɗaya ina bakin famfo, zan yi walaha in roƙi sa'a. Na tura agogo sama, na yi alwala, na yi raka'a biyu. Ina sallamewa sai ga Hapsatu, 'yar ajinmu, ta leƙo tana haki.

"Ke kina nan? An canza mana ɗaki, an mai da mu bayan laburare, har an fara shiga!"

Na zari jaka na ruga. A bakin ƙofa Madam Rifkatu ke caje mata. Ma'aikaciyar ofishin jarrabawa ce, Hausarta ta Jimeta, kowa "kai" ne a wurinta, mace ko namiji. Na ajiye jaka, na miƙa mata wuyan hannuna biyu tas, babu komai. Ƙwaƙwalwata, wadda nake taƙama da ita, ta duba ta ce: hannu ba agogo, ke nan yana jaka. Har wani ɗan ɗaga kai na yi na wuce, irin na masu bin doka.

Jarrabawa ta yi daɗi. Ina tambaya ta uku, ɗakin tsit sai ƙarar fanka. Ashe ina ta rubutu, mutumin naku, agogo, yana ta sulalowa a hankali har ya sauka kan gwiwar hannuna, wadda na dasa a kan teburin ƙarfe. Ƙarfe goma da kwata:

Gurrrr. Gurrrr.

Teburin ya amsa kamar injin markaɗe. Mai hankali zai ɗaga hannu ya ce ya yi mantuwa. Ni kuwa sai na cusa ɗaya hannun cikin hijabi ina lalube ina danne-danne, kaina a sunkuye, daidai yadda ake zana ɓarauniyar amsa a allon gargaɗi. Fuskar agogon ta kawo haske, ta hasko ta cikin farin hijabina. Zuciyata ta hau dukan tara-tara. Shi kuma da yake mai kula da lafiyata ne, sai ya sake girgiza don ya sanar da ni cewa bugun zuciyata ya yi yawa. Na gode, likita.

Inuwar Madam Rifkatu ta rufe takardata.

"Kai, yarinya. Mene ne yana kuka a jikinka?"

Madam ta ɗaga hannun hijabin, ta ga agogo, ta kalle ni, ta kalli sama.

"A nan ka ɓoye? Ka nuna mini hannu biyu kamar waliyyi! Shekara ashirin ina aikin nan, masu shiru-shiru su ne ƙarshe."

Aka karɓe takardata, aka sa agogon a ambulan aka manne, aka ce in zo gaban kwamiti Laraba mai zuwa. Na fita ɗalibai ɗari da wani abu suna raka ni da ido. Shekara biyu ina fama kada kowa ya san da ni a ajin nan. Cikin minti biyu agogo ya gama tallata ni.

A gida Ya Modu ya yi dariya har ya riƙe bango.

"Ke? Satar amsa? Ke da ko gishiri ba ki iya roƙowa a maƙwabta?"

Da ya ji maganar kora sai dariyar ta tsaya. Ni ce ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare. Shi ya bar karatu ya shiga kasuwa tun muna Malkohi don mu mu yi. Goggo ta ɗauki carbi ta shiga ɗaki, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Ranar kwamiti na tarar da mutum uku a bayan dogon tebur. Ga Madam Rifkatu, mai shaida. Ga wani matashin malami mai rubuta abin da aka faɗa. A tsakiya kuma shugaba, malamin da ya koyar da mu darasin da aka kama ni a jarrabawarsa, wani dattijon cikin garin Yola da muke kira Modibbo. Dogo ne, farin gemunsa har ƙirji, ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa. In ya shigo aji ko tari sai ka haɗiye.

Na yi bayanin alwala da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji. Modibbo ya ce a kunna agogon. (Agogon ya mutu, ba shakka. Sai da aka aika har Jimeta aka karɓo abin cajinsa, muka zauna minti ashirin muna kallon sa yana cin abinci.) Matashin ya bincika, ba hoto, ba darasi. Har na fara numfashi, sai ya ce:

"Ranka ya daɗe, akwai rubuce-rubuce a wajen tunatarwa. Guda arba'in da uku."

"Amsa tana iya ɓuya a ciki," in ji Modibbo. "Ta karanta mana da bakinta. Ɗaya bayan ɗaya. Kai kuma ka rubuta."

Jama'a, na roƙi ƙasa ta tsage. Siminti ne, bai ko motsa ba. Na karɓi agogon na fara.

"Bakwai da rabi. Ki gai da mai gadi. Da murya, ba da kai ba."

Biron matashin ya tsaya, ya ci gaba.

"Takwas. In maƙwabciya ta gaishe ki da Fulatanci, ki ce jam. Kalma ɗaya ce. Ba za ki mutu ba."

"Ci gaba," in ji Modibbo.

"Goma da kwata. Ki yi wa mutum ɗaya murmushi. Akuyar Goggo ba ta cikin lissafi."

Madam Rifkatu ta toshe baki da gyale. Wato wannan ne saƙon da ya kashe ni a ɗakin jarrabawa.

"Ƙarfe biyu. In kin iso Rumde ki ce wa mai keke ya tsaya. Kada ki sake bari ya kai ki bakin gada don kina jin nauyin magana."

Yanzu kafaɗun Madam rawa suke. "Wayyo, yarinyan nan," ta ce, "wa ya yi maka haka?" Matashin ya sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a cikin takarda. Modibbo kaɗai bai motsa ba. Na karanta har guda arba'in da biyu, har da wadda ke cewa in daina ba kujera haƙuri in na yi tuntuɓe da ita. Da na ga ta ƙarshe, sai na yi kamar na gama.

"Saura ɗaya," in ji matashin. Allah ya saka masa.

Na rufe ido rabi na karanta: "Kowace Laraba. Ki yi wa Modibbo tambayar nan. Mako na goma sha ɗaya ke nan kina ɗagawa. Ba ya cizo. Gemun ne kawai."

Fanka ma sai da na ji kamar ta rage gudu. Modibbo ya kai hannu ya shafa abin da aka ambata.

"Yau Laraba," ya ce. "Ga ni. Mece ce tambayar?"

Ku dubi halin da nake ciki. Mutumin da karatuna ke hannunsa, a gaban ma'aikatansa biyu, ga mai rubutawa. Na so in ƙirƙiro wata tambaya, amma ƙarya tana buƙatar saurin baki, ni kuwa ba ni da shi.

"Malam... takardun darasin da ka raba mana. Shafi na goma sha huɗu, taswirar kogin Binuwai. Kibiyar da ke nuna inda ruwa ya dosa..."

"Me ya same ta?"

"Ta juya baya, Malam. Kogin komawa Kamaru yake yi."

Ya aika aka kawo takardun. Ya sa tabarau, ya buɗe shafin, ya daɗe yana kallo. Mutumin da aka haifa a bakin kogin nan, yake ganin sa kullum ta tagar motarsa. Madam ta leƙa ta kafaɗarsa ta ce, "Kai, Baba, gaskiya ne fa, ruwa yana tafiya baya," ya ɗaga mata yatsa ɗaya ta koma kujerarta.

Abin da na koya a wannan rana, in har na koyi wani abu, shi ne kada ka ba abin da ke da batir amanar sirrinka, kuma duk maganar da ka ƙi faɗa a gaban mutum ɗaya, wata rana za ka karanta ta a gaban uku, ana rubutawa. Agogon yana nan, yanzu kafin alwala a jaka nake jefa shi kamar kowa. Amma a lokacin ba darasi ne a gabana ba. Na ga tunda na riga na mutu, ba abin da zan ƙara asara. Karo na farko a rayuwata, ba tare da wani abu ya girgiza a hannuna ba, na yi tambaya da kaina.

"Malam, kora ta za a yi?"

Modibbo ya cire tabarau ya ninke.

"Shekara shida ina raba taswirar nan, ɗalibai suna haddace ta suna zuba mini ita a jarrabawa, ina ba su maki. Wadda ta ga wannan kibiya ba ta buƙatar satar amsa. Ba za a kore ki ba. Amma kin shiga da agogo, doka kuma doka ce, baɗi za ki sake rubuta darasina, a kujerar gaba, inda zan riƙa jin muryarki." Ya turo mini agogon a kan tebur da ɗan yatsa. "Ta arba'in da ukun nan kuma ki gyara ta. Ba gemun ba ne kawai. Ina cizo."